Ranar da Nagama Ya Raba Iyalin Direba

Ku gyara zama ku ji. Wannan labarin cika baki ne, kuma masu bakin su biyu ne a gida ɗaya.

Akwai wata tsohuwa mai shirya duwatsun wuya, duk layinsu Kaka ake ce mata. Tana da jika da ta goya da bayanta, ana kiransa Nagama, don tun yana ƙarami in aka aike shi, kafin ya sa takalmi zai ce, "Ai na gama." Ya girma har gemu ya tsiro, sunan bai sake shi ba, halin ma yana nan daram. Aiki shida ya yi a shekara huɗu. Duk inda aka sallame shi, Kaka takan fita ƙofar gida ta ce wurin ne ya yi masa kaɗan.

Na bakwai shi ne wani ƙaramin kamfani mai koya wa mutane rubuta wa kwamfuta umarni. Suna da wani harshen kwamfuta nasu na 'yan koyo, aka ɗauki Nagama gwajin wata uku ya rubuta littafin bayaninsa, kowane umarni da shafinsa. Manaja ya faɗa masa ƙiri-ƙiri: in littafi ya fita ba kuskure, kujera tasa ce. In kuwa aka sami ƙarya a ciki, ya san hanyar da ya shigo.

Saura mako biyu, saura shafi ɗaya, na wani umarni wai shi "juya".

"Tsohuwa, matso ki ga abin da mijinki ke yi," in ji shi, ya buɗe kwamfuta a kan tabarmarta. "Duk rubutun da na ba shi, sai ya mai da farko ƙarshe, ƙarshe farko."

"To amfaninsa me?"

"Amfani? Ilimi ne, Kaka."

"Ni ma kullum ina juya katifa, ba wanda ya ce min mai ilimi."

Ya rubuta "kaka", ya danna. Allo ya ce "akak".

"Akak? Kamar kaza ta shaƙe. Angona, da wannan za ka riƙe ni?"

Haka ta ce a cikin gida. Amma tana ɗaura ɗankwali ta fita, labari ya sake. Ta tsaya wurin Mai Aski, ta tsaya wurin Mai Gidan Kallo, ta leƙa gidan Matar Direba. Kafin rana ta yi tsaka duk layi ya ji cewa kamfani guda ya dogara ga jikan Kaka, kuma yana da wani abu da ke juya duk rubutun duniya. Da aka tambaye ta yadda abin ke aiki, sai ta ce, "Ku ba za ku gane ba." Ita ma ba ta gane ba.

Kwana biyu bayan haka Nagama ya manta kular abincinsa, ta bi shi da ita ofis. Ɗaki ne dogo, tebur huɗu, fanka na kuka, wayoyi sun sarƙe a ƙasa kamar saiwa. Ta tarar da shi tsaye a kan wata yarinya mai tabarau, wadda ita ta ƙera umarnin da hannunta.

"Ka gwada shi da 'yan hotunan nan na waya?" in ji Mai Tabarau.

"Marubuci nake, ba ɗan gwaji ba. Juyi ai juyi ne."

"Ka gwada dai."

Ya ja kujera, ya rubuta ƙ da ɗ da ɓ, ya danna. Suka juya lafiya lau.

"Kin gani? Masu lanƙwasa ma sun bi, balle hoto. Na gama."

Mai Tabarau ta gaida Kaka har ƙasa, idonta ya sauka kan sarƙar da ke wuyan tsohuwa. "Kaka, ke za ki fi shi saurin ganewa. Akwai wani babban kundi, Yunikod ake ce masa. Kowane harafi na kowane harshe, da kowane ɗan hoto, yana da lambarsa a ciki, kamar dutse ɗaya a zare. Amma wasu hotunan ba dutse ɗaya ba ne. Kin ga furen nan na tsakiyar sarƙarki?"

"Dutse bakwai ne, a jere suke hawa, in ba haka ba ba ya fitowa fure."

"To in aka zare sarƙar aka mai da duwatsun ɗaya bayan ɗaya daga ƙarshe?"

"Ai fure ya watse, 'yar nan."

"Haka umarnin nan yake yi. Duwatsu yake juyawa, bai san fure ba. Abin da nake so ya rubuta ke nan, don kada mai koyo ya sha mamaki."

Kaka ta gane sarai, ta gane fiye da yadda ta gane hanyar gidanta. Ta dubi jikanta, ya harɗe hannu a ƙirji yana kallon silin. Sai ta ji ba za ta iya ba shi rashin gaskiya a gaban 'yar mutane ba. Ta ajiye kula ta ce, "'Yata, mijin nan nawa da kike gani, yana wata biyar ya yi haƙori. Ki bar shi kawai."

Abin da ya haɗa haƙori da Yunikod, har yau ba wanda ya sani. Amma Nagama ya ji daɗi, ya zauna ya rubuta shafi na arba'in da ɗaya:

"Umarnin juya yana juya kowane rubutu da kowane hoto na duniya, ba ya ɓata ko ɗigo. An gwada."

Bai nuna wa Mai Tabarau ba. Ya haɗa da sauran shafuka ya miƙa wa masu buga littafi, kwafi ɗari biyu.

Wanda ya fara ɗanɗana kuɗarsa Mai Aski ne. Ya daɗe yana son a rubuta BARKA DA ZUWA a bangon da ke bayan kujerarsa, yadda wanda ake wa aski zai karanta a madubi. Ya ji labarin Kaka, ya tare Nagama a hanya.

"Ƙaramin abu," in ji Nagama. Ya danna, ya kwafe masa a takarda: AWUZ AD AKRAB. "Rubuta haka, madubi zai gyara sauran."

Mai Aski ya sayo jan fenti mai mai, ya hau benci, ya zana kowane harafi kamar tsayin yaro ɗan shekara biyu. Ya sauko, ya zauna a kujerar aski, ya ɗaga kai. Haruffa sun jeru daidai, amma B da R da K da D da Z duk sun juya masa ƙeya kamar an yi musu laifi.

Ya zo ƙofar gidan Kaka da fenti har gwiwar hannu.

"Ina gwanin? Ya zo ya ga barkar da ya yi min, ta ba mutane baya!"

Nagama ya je, ya duba madubi, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa. "Yaushe ka sayi wannan?"

"Shekara tara."

"To ka gani. Tsohon yayi ne. Madubin yanzu yana karantawa."

"Madubi yana karantawa?"

"Kai da ba ka fita ko'ina ina za ka sani?" in ji Kaka daga bayansa. Ta faɗi maganar, ta ji kunyarta a ranta, amma ta riga ta fita.

Na biyu Mai Gidan Kallo. Ya rubuta sanarwar wasan ƙwallon ƙasarsu zai tura wa 'yan layi ta waya, ya sa tuta a ƙarshe. Nagama ya karɓe wayar.

"Wa ke karanta sanarwa a miƙe yanzu? A juya ta. Mutum zai tsaya ya wahala kafin ya gane, shi ke nan ta zauna masa a kai. Tallar zamani ke nan."

Aka juya, aka tura. Ba a yi minti biyar ba waya ta fara ruri. Rubutun ba wanda ya damu da shi. Tutar ce. Ta tashi daga tutar ƙasarsu ta koma ta wata ƙasa dabam, wadda rabin layin ba su san ma tana buga ƙwallo ba.

"Yaushe ka sauya ƙasa ba ka yi mana sallama ba?" in ji wani.

"A can za mu zo mu yi kallon?" in ji wani.

Mai Gidan Kallo ya zo yana huci. Nagama ya karɓi wayar, ya juya ta gaba da baya. "Cajinka nawa?"

"Sha biyu cikin ɗari."

"Shi ne. Waya in ta ji yunwa ba ta gane tuta."

A ranar Kaka tana shirya sarƙa, zare ya kuɓuce mata sau uku. Ta buɗe baki za ta yi masa maganar fure, sai ya shigo da kwafin farko na sabon littafi a hannu, sunansa a bango, yana murmushi irin na ranar da ya fara tafiya. Ta mai da bakinta ta rufe. Maimakon haka ta fita ta gayyaci layi kaf zuwa taron nuna littafi.

Ranar taro da safe aka jera kujerun roba a babban ɗakin kamfani, aka kunna majigi a farin bango. Littattafai ɗari biyu a kan tebur, an jera su kamar bulo. Ɗalibai sun zo, iyayensu sun zo. Kaka ta zo da tata runduna: Mai Aski da jan fenti a farce, Mai Gidan Kallo da waya cike da caji, Matar Direba da jakarta. Ta zauna a gaba, ta sa sarƙarta mai fure, tana gaya wa na kusa da ita, "Wancan mai jan wuyan rigar, nawa ne."

An ba Nagama minti biyar ya karanta gabatarwa ya zauna. Ya ajiye takardar.

"Jama'a, karatu ba ya gamsarwa. Ga lambar waya a bango. Kowa ya turo abin da ya ga dama, kowane harshe, kowane hoto. In ya ɓata ko ɗigo, ku canza min suna."

Mai Tabarau ta cire tabarau ta rufe ido.

Wani ɗalibi ya turo "sannu". Ya fito "unnas". Aka tafa. Wata ta turo sunan 'yarta, ya juya, aka tafa. Kaka ta waiwaya tana duban mutanenta ɗaya bayan ɗaya, kamar ita ta ƙera majigin.

Manaja ma abin ya burge shi. Ya ciro waya ya turo ɗan hoton hannu mai ɗaga babban yatsa, baƙi irin fatarsa. Nagama ya danna da ƙarfi.

Hannu ya fito a bango rawaya shar. Gefensa ga wani ɗan murabba'i mai launin fatar Manaja, shi kaɗai, kamar an shanya.

Sai Mai Aski ya ce daga baya, "An feɗe Manaja."

Dariya ta ɓarke. Manaja ya duba hannunsa na gaske, ya duba bango.

"Majigin ne," in ji Nagama. "Ya yi zafi."

"Madubina tsoho, wayar Mai Gidan Kallo mayunwaciya, majigi kuma zazzaɓi," in ji Mai Aski. "Kai kaɗai ne mai lafiya a garin nan."

"A sake turo wani!" in ji Nagama. "Wanda ya fi wuya!"

Matar Direba ta miƙe. Mijinta babbar mota yake ja, yakan yi mako uku bai kwana gida ba, kuma kowace safiya saƙo ɗaya take tura masa. Shi ta turo. Ya fito a bango kowa na gani: "Allah ya dawo mana da kai lafiya." A ƙarshensa ga ɗan hoton iyali, miji da mata da 'ya da ɗa, a manne wuri ɗaya.

Kaka ta kai hannu wuyanta ta taɓa fure. "Kai, Angona," in ji ta, "tsaya..."

Ya riga ya danna.

Iyali ya watse. Mutum huɗu suka fito dabam-dabam, kowa da filinsa. Ɗan autan ne a gaba, sai yayarsa, sai uwar. Direba can a ƙarshen layi shi kaɗai, kamar wanda aka hana shiga gida.

"Innalillahi!" Matar Direba ta dafe ƙirji. "Shekara sha huɗu hanya ba ta raba mu ba, dangin miji ba su raba mu ba, sai kai da yatsa ɗaya?"

"Hoto ne fa, Yaya..."

"Kada ka ce min Yaya! Kuma ka ɗauki yaron da bai iya wanke hanci ba ka sa shi gaban ubansa?"

"An yi juyin mulki a gidan Direba," in ji Mai Gidan Kallo.

"Ni dai fata kawai aka cire min," in ji Manaja. "Na gode Allah."

Nagama ya danna wannan, ya danna wancan, gumi ya jiƙa jan wuyan riga. Ya buɗe baki zai ambaci wutar lantarki. Kaka ta miƙe da sandarta, ta taka har gaban tebur.

"Mai da su."

"Kaka, abin yana buƙatar nazari..."

"In na zura duwatsu baibai, zarewa nake in sake zurawa. Sake juya abin da ka juya, ja'iri."

Ya dubi Mai Tabarau. Ta gyaɗa kai. Ya kwafi tarkacen ya sake ba umarnin. Direba ya koma gaba, matarsa ta manne masa, yara suka shige ƙarƙashinsu. Ɗaki ya ɗauki tafi, amma ba shi ake wa ba.

Nagama ya gyara wuyan riga. "To kun gani? Da ma abin da nake so in nuna muku ke nan, cewa..."

Kaka ta ɗora masa sanda a kan yatsan ƙafa, ta ɗan jingina.

Manaja ya ɗauki littafi ɗaya daga kan bulo ya miƙa masa. "Shafi na arba'in da ɗaya. Karanta mana da ƙarfi."

Ya karanta, murya na raguwa kamar rediyo mai mataccen batir. "...ba ya ɓata ko ɗigo. An gwada."

"Wa ya gwada?"

Nagama ya dubi bango, ya dubi Matar Direba. "Yanzu dai... an gwada."

Manaja bai yi dariya ba. Ya ce, "Na gaya maka sharaɗi tun ranar farko."

Nan Kaka ta dubi jikanta. Aiki na bakwai ke nan zai bi 'yan'uwansa, kuma wannan karon ba ta da bakin cewa wuri ya yi masa kaɗan, don duk layi na zaune a bayanta.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "ƙaryar nan mu biyu muka yi ta. Yarinyar nan ta bayyana min komai a ofis, na gane tas, na ce mata wai ya yi haƙori da wuri. Ni na ɗaure masa gindi tun yana rarrafe. In kora ce, da ni za ka fara, sai dai ban san daga wace kujera za ka kore ni ba."

Mai Tabarau ta mai da tabarau. "Sauran shafuka arba'in na duba su, Manaja. Suna da kyau. Ya iya bayani, gwaji ne yake gudu. Kuma ya samo mana misalai uku da ni kaina ban tara ba."

Manaja ya daɗe yana kallon hannunsa. Daga bisani ya ce ya ƙara masa wata ɗaya na gwaji. Amma a nan take, a gaban jama'a, zai sake rubuta shafin, kuma kowane kwafi cikin ɗari biyun zai liƙa masa gyara da hannunsa.

Nagama ya zauna. Shafin da ya rubuta shi kaɗai cikin minti biyu, sai da layi guda ya taya shi.

"Sa cewa ba na madubi ba ne," in ji Mai Aski.

"Sa tuta," in ji Mai Gidan Kallo. Mai Tabarau ta bayyana masa cewa tuta haruffa biyu ne a ɓoye, in suka yi musayar wuri sai ta koma ta wasu, ko ta ɓace.

"Sa cewa yana raba aure," in ji Matar Direba.

"Ba a rubuta haka a littafin ilimi, Yaya."

"Rubuta," in ji Kaka.

Ga abin da ya fito: "Umarnin juya yana juya lambobin Yunikod ɗaya bayan ɗaya, ba abin da ido ke gani ba. Harafi mai lamba ɗaya yana juyawa lafiya. Hoton da aka haɗa da lambobi da yawa yana watsewa: tuta takan sauya, hannu yakan rabu da launinsa, iyali yakan rabu. In aka sake juyawa suna komawa. Ba ya yin rubutun madubi. An gwada a gaban shaidu."

Washegari da hantsi suka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, daidai inda Kaka ta saba tsayawa ta yi shela. Littattafai a gefe, 'yan takardun gyara a tsakiya, kwalbar gam ɗaya. Ta ce za ta taya shi, tunda da bakinta a ciki. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya.

"Sannu da aiki, masu juya duniya."

"Yawwa," in ji Kaka, ba ta ɗaga kai ba.

Can Nagama ya miƙe ya yi miƙa. "Na gama."

"Ka duba?"

Ya tsaya. Ya koma ya zauna, ya buɗe nasa ɗaya bayan ɗaya, har ɗari da sittin. Duk daidai. Kaka ta ji wani daɗi ya cika mata ƙirji, ta ɗaga murya don layi ya ji.

"Ka ga amfanin zama kusa da manya? Ni arba'in ɗin nan da na liƙa, ko dubawa ba sai an yi ba. Shekara hamsin ina aikin ido."

Mai Aski, da ya zo aron tsani zai shafe bangonsa, ya sunkuya ya ɗauki ɗaya daga tulinta. Ya buɗe. Ya ɗauki na biyu. Ya ɗauki na uku.

"Kaka, ina tabaranki?"

"Yana ɗaki. Me ya faru?"

Ya juyo mata littafin. Duk arba'in ɗin, kai ƙasa ta liƙa su, kuma gam ya riga ya bushe.

Nagama ya dube ta. Ta dube shi. Matar Direba ta leƙo ta taga tana jiran ta ji wa za a ɗora wa laifi, gam ko rana.

Kaka ta ja kwalbar gam gabanta, ta miƙa hannu a ba ta sabuwar takarda.

"To me kuke kallo?" in ji ta. "Da kuna zaton daga sama ya faɗo?"